Kwalliyar Ɗaki da Ɗa Mai Rarrafe

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau hirar tamu a cikin ɗaki za mu yi ta: yadda za a ƙawata gida ya yi kyau, baƙo ya shigo ya yaba, kuma yaro ya yi wasansa a ciki ba tare da gaban uwa yana faɗuwa ba.

Yawancin ɗakunanmu ranar jere aka tsara su. Gwaggwanni da ƙannen uwa suka zo da kafinta, aka kafa gado, aka sa kujeru, aka goge shoglas aka jera tangaran a ciki, aka ajiye teburin gilashi a tsakiyar falo, 'yan ganin ɗaki suka zo suka sa albarka. A ranar babu wanda ya kawo yaro a ransa, domin babu shi. Bayan shekara da 'yan watanni, in Allah ya kawo rabo, sai ga ɗan mutum yana rarrafe a ɗakin da ba a yi lissafi da shi ba. Daga nan ne ake fara “bari!”, “sauka!”, “kar ka taɓa!” tun safe har dare. Wata uwar sai ta kulle falon, ya zama na baƙi, yara su koma tsakar gida ko ɗakin kwana, alhali falon ne wuri mafi faɗi da iska a gidan. Wata kuma sai ta sallama, ta ce ai mai yara ba ta da ɗaki, ta bar komai ya lalace. Duka biyun ban goyi bayansu ba. Yaro yana da haƙƙi a falon gidan ubansa, uwa ma tana da haƙƙin ta zauna a wuri mai kyau ta ji daɗin ranta.

Uwargida, ga abu na farko da nake so ki yi, kuma ba ya cin ko sisi. In yara sun yi barci, ki durƙusa a ƙofar falonki, ki sa hannu a ƙasa, ki zaga ɗakin da rarrafe. Ki dubi abin da ke daidai idonki. Za ki ga kusurwar teburi tana kallon goshinki. Za ki ga soket a buɗe, da wayar caja tana lilo, da jelar wayar fanka. Ki leƙa ƙarƙashin kujera: ga murfin biro, ga ƙwayar magani da ta faɗi tun makon jiya, ga ɗan kunne wari guda, ga ƙaramin batir mai kama da maɓalli. Ki kama hannun durowar ƙasa ki ja, ki ji yadda take tahowa cikin sauƙi. Wannan ɗakin da kika gani, shi ne ɗakin da ɗanki yake zaune a ciki, kuma ya sha bamban da wanda kike gani a tsaye.

In kin miƙe, sai ki raba ɗakin gida biyu a zuciyarki. Daga ƙugunki zuwa ƙasa, na yaro ne: duk abin da ke nan ya zama mai laushi, mai wankuwa, wanda ba ya fashewa kuma ba ya haɗiyuwa. Daga ƙirjinki zuwa sama, naki ne: can za ki kai kwalliyarki, ki kafe ta da kyau.

Wannan tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko ya zaga tsofaffin unguwannin Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram, zai ga inda maginanmu suka zuba gwanintarsu: a jikin bango, a saman ƙofa, a bakan gizon da ke riƙe da rufin soro. Zane ne da aka fitar a jikin ginin kansa, ba ya faɗowa, ba ya fashewa. Ƙasa kuwa daɓe ne sumul, sai tabarma, sai buzu, sai darduma. Iyayenmu ma da suka yi jeren kwalla da samira da langa, sama suke kai su, kuma kwano in ya faɗo, iyakarsa ya lotsa. Yau da muka koma gilashi da tangaran, sai muka sauko da su daidai hannun yaro.

To, bari mu tsaya a kan abin da ya fi damuna, wato manyan kayan katako: shoglas, kabad, wadirof, durowa mai hawa-hawa, da teburin talabijin. Mutum zai ga kabad mai nauyi, wanda sai ƙarti biyu sun kama, ya ce yaro ɗan shekara biyu ba zai iya motsa shi ba. Ai ba ɗaga shi yaron yake yi ba. Ya hango wani abu a sama, rimot ko alawa ko wayar mamansa. Sai ya jawo durowar ƙasa ya taka, ya jawo ta biyu ya taka. Duk durowar da ta fito, nauyin kabad ɗin ya ƙara rinjayowa gaba, ga kuma nauyin yaron a bakinta. Cikin ƙiftawar ido kabad ya kifo a kansa. Sau da yawa ma ba a jin ƙara sosai, saboda jikin yaron ne ya tare shi, uwa tana kicin ba ta sani ba. A shekarar 2016, kamfanin IKEA, wanda yana cikin manyan masu sayar da kayan ɗaki a duniya, ya janye durowoyi kimanin miliyan 29 a Amurka bayan irin wannan kifewar ta yi sanadin mutuwar ƙananan yara. Can ke nan, inda ake gwada kaya kafin a sayar. Mu nan kafinta ne ke ƙera mana daidai kuɗinmu, sau da yawa gaban ya fi bayan nauyi saboda ƙofofin gilashi da madubi, bayan kuma falle ɗaya ne na filawud. Ga daɓen ɗaki ba lallai ya daidaita ba.

Maganin ba shi da tsada. A kira kafinta ya sa ɗan ƙarfe mai lanƙwasa guda biyu a saman kabad ɗin, ya huda bango, ya cusa robar da ke riƙe sukuru, ya ɗaure tamau. Ya tabbata a jikin katako mai kauri ya ɗaura, ba a jikin filawud ɗin baya ba. Aikin da bai kai awa ɗaya ba ne, kuma ba a ganinsa, kyan kabad yana nan yadda yake. Talabijin kuma a rataye shi a bango, a tura wayoyinsa cikin bututun roba a manne. Falon ma sai ya fi tsari, ya ƙara fili.

Na san wata za ta ce, Hajiya, mu gidan haya muke, mai gidan ba ya yarda a huda masa bango. Maigida, wannan aikinka ne: ka je ka same shi cikin girmamawa, ka gaya masa rami huɗu ne, kuma ran da za ku tashi za ka toshe ka shafe. Da wuya dattijon da zai ji maganar ran yaro ya hana. Kafin nan, a mayar da kaya masu nauyi hawan ƙasa, marasa nauyi a sama, a sa wa durowoyi makulli, kuma kada a ajiye abin da yaro ke kwaɗayi a saman kabad yana gani.

Sai teburin gilashi na tsakiyar falo. Shawarata a kansa gajeriya ce: a ɗauke shi, a jingine a ɗakin ajiya har yara su yi wayo. Tsayinsa daidai goshin mai koyon tafiya, kuma yaro ba ya ganin teburi sai ya hau. A madadinsa ki je Kasuwar Kurmi, ko wurin dukawan garinku, ki sayo tumtum na fata guda biyu ko uku, masu aikin ja da baƙi da kore. A ɗora tire a kai in baƙi sun zo, yaro ya jingina da shi yana koyon tsayuwa, in ya faɗa kansa dariya zai yi. Ni a idona, falon da ke da darduma mai kyau da tumtum na aikin hannu ya fi falon gilashi kwarjini. In kuma teburin ake so dole, a samu na katako mai zagaye, marar kusurwa.

Kujeru kuwa, farare da ruwan madara suna da kyau a shago, amma ba su san koko da miyar kuka ba. Ki zaɓi launi mai ɗan duhu ko yadi mai zane, wanda tabo ba ya saurin nunawa. Abin da ya fi shi ne ki kai wa tela awo ya ɗinka miki rigar kujera mai zif, kala biyu, ɗaya tana jiki ɗaya tana wanki. A Kantin Kwari za ki samu yadi mai kauri daidai ƙarfinki. Filillikan kujera ki yi musu riga da atamfa, ko da rinin baba irin na marinar Ƙofar Mata, sai dai ki wanke shi tukuna har ya daina zuba. Da sallah ki sauya rigunan, falo ya koma sabo ba tare da an sayi kujera ba.

Ƙasan ɗaki: tayil mai sheƙi yana ɗaukar ido, amma da ruwa ya zuba ya zama tarko, ga yaro ga tsohuwa. Mai gini ya nemi tayil mai ɗan kaushi. Kafet na bango da bango kuma, a ƙasarmu mai ƙurar hunturu, yana tara ƙura da fitsarin yara, ya dami mai asma. Gara leda ko tayil, a ɗora darduma da za a iya naɗewa a kai waje a kakkaɓe a shanya, a sa mata roba a ƙasa don kada ta zame.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ƙawata gidan da ke da ƙananan yara. Yanzu sai bango, kuma a nan ina roƙon masu fenti da magidanta su ƙara kusantar rediyo.

Wasu fentin mai, musamman masu launi mai haske irin rawaya da ja da ruwan lemo, ana samun dalma a cikinsu. Mu a arewa mun san abin da dalma take yi. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara wajen 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Ta fenti ba ta zuwa da yawa haka lokaci guda, a hankali take shiga. Fenti ya tsufa ya fara ɓarewa, ya zama gari a ƙasa da bakin taga, yaro ya dafa ya sa hannu a baki, wani ma ya ɓantari ɓawon ya tauna. Ba za ki ga ciwo a jikinsa ba. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, sai an sa shi makaranta a ga karatu yana ba shi wuya, a yi ta dukansa ana cewa ba ya ganewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada dalmar fenti ta wuce kashi 90 cikin miliyan.

Don haka a cikin ɗaki a yi amfani da fentin ruwa, a nemi irin wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. In za a sayi na mai don ƙofa ko taga ko gadon yaro, a karanta jikin gwangwanin, a nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma. In kuma tsohon fenti za a kankare, a fitar da yara da mai ciki daga gidan, a yayyafa ruwa kafin a kankare don kada ƙura ta tashi, a goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma kafin su dawo. Tunda muna kan dalma, kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido ma ana samun ta a cikinsa da yawa, gara a bar shi.

Bangon nan shi ne filin kwalliyarki. Ki jera faya-fayai masu launi guda biyar ko bakwai a saman doguwar kujera, ki rataya ƙwarya mai zane, ko allon zayyana, ko saƙar hannu. Ba su da nauyi, ko sun faɗo ba sa rauni. Madubi da agogo da firam mai gilashi a kafe su da sukuru, kada a rataye su a ƙusa ɗaya, kuma kada su kasance a saman inda yaro ke kwana.

Yaro kuma zai yi zane a bango, ko an hana shi ko ba a hana ba, domin hannunsa ne ke neman aiki. Ki ba shi wurinsa. A wani lungu na falon, a kafa masa ƙaramin baƙin allo daidai tsayinsa, a ba shi alli, a shimfiɗa masa tabarma, a ajiye kwandon kaba mai kyau na kayan wasansa. Ki gaya masa, “Nan naka ne.” Da magariba ku tattara kayan tare, yana jefawa a kwando kina yaba masa. Yaron da ke da wurinsa ya fi saurin barin na uwarsa, kuma kwandon kaba a lungu shi ma ado ne. Abin da ba na so shi ne a ajiye abin fashewa a gaban ɗan shekara biyu, ya fasa, a zane shi. Bai yi laifi ba, hankalinsa bai kai ba tukuna.

Ana cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Gaskiya ne, amma wutar ɗakunanmu ba ta koyar da darasi, tabo take bari har girma. Ƙamshin turaren wuta yana cikin kyan ɗakin mace, ban ce a daina ba. A sa kaskon a wuri mai tsayi, nesa da labule, ki tsaya a kai har ya gama, ki fitar da garwashin. Kada a turara ɗakin da jariri ke ciki a rufe. Dutsen guga da filas ɗin shayi kada a bar su a ƙasa. Mayafin teburi mai saukowa a cire shi, don yaro zai ja, abin da ke kai ya biyo. In tsautsayi ya faru ya ƙone, a sa wurin a ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ban da ƙanƙara, ban da manja ko ƙwai ko man goge baki, sannan a nufi asibiti.

Ki duba gaban madubinki ma. Humra, turare, man gashi, maganin ciwon kai, maganin ƙarin jini na masu ciki, duk a jere cikin kwalabe masu kyau. A samu ƙaramin kabad na bango mai makulli. Kananzir da fiya-fiya kada a taɓa zuba su a robar lemo ko ta ruwa, domin yaro robar ya sani. In ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, aman ne ke kai shi huhu. Ɗan batir ɗin nan mai kama da maɓalli, na cikin rimot da agogo da fitilun ado, in ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Ko zato kike ya haɗiya, ki ɗauke shi zuwa asibiti nan take, kada ki jira ki ga alama.

Sauran a gurguje. Igiyar labule a naɗe ta sama, don tana iya shaƙe wuya. Soket na ƙasa a toshe shi, ko a tura kujera ta rufe shi. Kada a sa gado ko kujera a ƙarƙashin taga. Masu bene, tazarar ƙarafan baranda kada ta wuce santimita 10, kuma a yi su a tsaye, domin na kwance tsani ne. Ƙarfen taga na tsaron ɓarayi, a bar aƙalla guda ɗaya mai buɗewa, makullinsa a inda manya suka sani, saboda gobara.

A tsakar gida, shuka tana ƙara wa gida kyau da sanyi. Lalle, zogale, na'ana'a, gwanda, duk lafiya. Amma cini-da-zugu da zurman, 'ya'yansu guba ne, kuma yara suna ɗaukarsu gyaɗa. Akwai kuma wata shukar tukunya mai faɗin ganye da ɗigon fari, wadda ake yawan sa wa a falo, ruwanta yana kumbura baki da harshe. In ba ki san shuka ba, ki tambayi mai sayarwa, ki kuma ɗora ta inda hannu ba ya kai. Rijiya a yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo. Bokiti da baho a kife su da an gama wanki, domin kan ƙaramin yaro ya fi jikinsa rinjaye, in ya faɗa da ka ba ya iya fitowa, kuma ba ya iya kuka a ji. Janareta kuma wurinsa waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Kafin lokaci ya ƙure mana, ina da saƙo ga iyayen amare, domin ku ne ke sayen kayan. Baba, Inna, lokacin da kuke ciniki da kafinta, ku tuna kuna yi wa 'yarku addu'ar zuri'a ɗayyiba. Ku ce ya zagaye kusurwoyin gado da teburi, ya rage gilashi a hawan ƙasa, ya sa makulli a durowoyi, kuma ranar jere ya zo da na'urar huda bango ya ɗaure kabad da wadirof kafin ya karɓi cikon kuɗinsa. Ku kuma kafintoci, ko ba a tambaye ku ba, ku faɗa, ku sa shi cikin aikinku.

Nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su.  

(Kiɗan rufe shiri)